Faya-fayan Talking Heads Takwas da Bashin da Legas Take Bin Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman a ɗan ba ni fili domin in taɓo wani batu da ba kasafai yake shigowa shafinku na al'adu ba. A 'yan shekarun nan, duk sa'ad da wani matashin mawaƙi daga Legas ya cika babban dandali a Landan ko New York, sai ka ga an yi ta rubuce-rubuce kamar a ranar ce kiɗan Najeriya ya fara ƙetare teku. Ina taya waɗannan matasa murna da zuciya ɗaya, amma mu da muka yi samartaka a zamanin kaset mun san cewa hanyar ta daɗe da buɗewa. Shaidar da na fi riƙewa a kan haka ita ce wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Talking Heads, wadda ta fitar da faya-fayan situdiyo guda takwas tsakanin 1977 da 1988, wadda kuma mafi kyawun aikinta ya samo tushe ne daga sauraren Fela Anikulapo Kuti. Fiye da shekara talatin da biyar ke nan ina sauraren faya-fayan nan, kuma na ga ya dace in jera su, in faɗi wanda ya fi wani da dalilin da ya sa.

Su huɗu ne. David Byrne, wanda aka haifa a Sikotilan ya girma a Amurka, shi ne mai rera waƙa da kaɗa jita. Chris Frantz yana kan ganguna. Tina Weymouth, wadda ta auri Frantz a 1977, ita ce mai jitar bes, wato jitar nan mai kaurin amo da ke zama ginshiƙin kiɗa. Na huɗunsu Jerry Harrison, mai jita da fiyano, ya shigo ne daga baya. Ukun farko sun haɗu a makarantar koyon zane-zane ta Rhode Island, suka koma New York, suka fara fitowa gaban jama'a a watan Yunin 1975 a wani ƙaramin gidan rawa mai suna CBGB, inda suka share fage ga ƙungiyar Ramones. A wannan gida ne salon pank mai hayaniya da gaggawa ya yi ƙarfi, sai dai su ba su yi kama da maƙwabtansu ba ko kaɗan, domin shigarsu irin ta akawun ofis ce, kiɗansu kuma siriri ne, a tsare, ba almubazzaranci. Kamfanin Sire da ya ɗauke su ya fi son a kira irin wannan kiɗa new wave, abin da za mu ce sabon yayi, saboda gidajen rediyon Amurka suna ƙyamar kalmar pank.

Kafin in jera, wajibi ne in faɗi ma'aunina, tun da kowane mai jeri da irin mudun da yake awo da shi. Masu sharhi na Turai da Amurka sun fi mai da hankali ga kalmomin Byrne da baƙuwar muryarsa, 'yan kasuwa kuma ga yawan abin da aka sayar. Ni tambayata ɗaya ce a kan kowane faifai: kiɗa ne yake jan ragama, ko kuwa an sa shi ne ya bi murya a baya kamar ɗan rakiya? Wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ya san cewa daɗin ba daga hannun makaɗi ɗaya yake fitowa ba. Wannan ya bar gurbi, wancan ya cika shi, mai kuntuku ya riƙe 'yar gajeruwar maganarsa ba ya sakinta har dare ya raba, uban kiɗi kuma yana shiga yana fita a tsakaninsu. A duk faifan da mutanen nan huɗu suka saurari juna a kan wannan tsari, sun yi abin da ba wanda ya yi kafinsu a kiɗan rok. A inda kuwa ɗaya ya zo da waƙa a kammale sauran suka raka shi, sun zama ƙungiya mai kyau kamar sauran ƙungiyoyi masu kyau, shi ke nan.

Da wannan mudu, na ƙarshe a jerina shi ne True Stories na 1986, kuma ban tsammanin akwai wanda zai yi mini gardama mai tsawo a nan. Waƙoƙin an rubuta su ne domin 'yan wasa su rera a cikin wani fim da Byrne ya shirya a kan wani ƙagaggen gari a jihar Texas, daga baya ƙungiyar ta sake rera su da kanta. Kaya ne da aka ɗinka wa wasu, masu ɗinkin suka sa a jikinsu, bai zauna musu ba. Abin da tarihi ya fi riƙewa daga faifan shi ne cewa ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta samo sunanta daga wata waƙa da ke cikinsa.

Na bakwai shi ne inda za a fara ɓata mini rai, domin Little Creatures na 1985 ne na ajiye a nan, alhali shi ne faifansu da ya fi kowane kasuwa, an sayar da fiye da kwafi miliyan biyu a Amurka kaɗai, kuma masu sharhin da jaridar Village Voice take tara ra'ayinsu kowace shekara a wancan zamani sun zaɓe shi gwarzon shekarar. Ban ce ba shi da daɗi ba. Waƙar "Road to Nowhere", da ke buɗewa da muryoyi zalla irin na majami'a kafin ganga ta shigo da takun sojan maci, tana cikin waƙoƙin da nake so in ji a doguwar tafiya. Amma a wannan faifai Byrne ya dawo da tsohuwar hanyar rubuta waƙa shi kaɗai ya kawo wa abokansa, sai Weymouth da Frantz, waɗanda shekara biyar kafin nan su ne zuciyar komai, suka koma masu riƙe lokaci kawai. Ya kamata a kuma lura da cewa daga farkon 1984 ƙungiyar ba ta sake fita yawon wasa ba, saboda haka faya-fayanta uku na ƙarshe ba a taɓa gwada su gaban jama'a dare bayan dare ba, kuma kunne yana jin wannan rashi.

Faifansu na farko, Talking Heads: 77, na ba shi matsayi na shida, cikin girmamawa. Kunun yaro ne da bai gama kauri ba, amma duk kayan haɗin suna ciki. A nan ne "Psycho Killer" take, kuma duk wanda ya ji yadda bes ɗin Weymouth yake buɗe ta shi kaɗai, yana buga amo guda kamar bugun zuciyar wanda ya tsorata, zai gane tun daga ranar cewa wannan mace, wadda ta fara koyon jitar ne kawai saboda ƙungiyar ta rasa mai kaɗa ta, ita ce za ta ɗauki nauyin gidan. Abin da ya rage wa faifan daraja shi ne yadda aka naɗe shi. Furodusoshinsa sun so su gyara ƙungiyar ta yi santsi domin rediyo, sai sautin ya fito ba jini a jika idan aka kwatanta da yadda waƙoƙin nan suke a kan dandali.

A kan Naked na 1988, faifansu na ƙarshe, nake so in ɗan tsaya, domin a nan na saɓa da yawancin masu jeri, waɗanda kan jefa shi can ƙasa kusa da True Stories. Ni na ɗora shi na biyar. Bayan faya-fayai biyu na waƙoƙin da aka zo da su a shirye, sai ƙungiyar ta tafi birnin Faris tare da furodusa Steve Lillywhite, ta koma tsohuwar ɗabi'arta ta fara ƙirƙirar kiɗa tukuna a bar kalmomi sai daga baya. Faris a lokacin ita ce matattarar makaɗan Afirka masu magana da Faransanci, kuma a wannan karo ba faifan Afirka suka saurara ba, makaɗan ne da kansu suka zauna da su a ɗaki ɗaya: Mory Kanté na ƙasar Gini da korarsa, Yves N'Djock da Brice Wassy daga Kamaru, Abdou M'Boup daga Senegal, da Wally Badarou wanda asalinsa Jamhuriyar Benin ne. Daga Ingila kuma Johnny Marr ya zo da jitarsa. A waƙar "(Nothing But) Flowers" jitoci suna kitsa juna cikin walwala irin ta kiɗan tsakiyar Afirka, yayin da kalmomin ke ba da labarin mutumin da duniyarsa ta koma daji da furanni, shi kuwa yana kewar shaguna da tituna. Rabin farko na faifan yana iya tsayawa kusa da duk abin da suka taɓa yi. Rabin ƙarshe ne ya yi nauyi da duhu, ya ja ƙafa, har mai sauraro ya ji cewa mutanen nan sun gaji da juna. Da duka ya yi kamar farkonsa, da na kai shi na uku ba tare da shakka ba.

Na huɗu shi ne More Songs About Buildings and Food na 1978, faifan da Brian Eno, Baturen Ingila, ya fara zama furodusansu, aka kuma naɗe shi a situdiyon Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas. Babban abin da Eno ya yi shi ne ya turo ganga da bes gaba, ya ba su ƙiba. A nan suka rera "Take Me to the River" ta Al Green, suka rage mata gudu har ta yi nauyi kamar tafiyar raƙumi da kaya, ta kuma kai lamba 26 a jadawalin waƙoƙin Amurka, wanda shi ne karon farko da talakan mai sauraro ya san da su. Yawancin sauran waƙoƙin tsofaffi ne da suke kaɗawa tun zamanin CBGB, shi ya sa nake ɗaukarsa a matsayin faifan farko da aka sake yi yadda ya kamata.

Inda na fi shan wahala shi ne tsakanin na uku da na biyu, kuma na sha sauya ra'ayi a tsawon shekaru. Speaking in Tongues na 1983 shi ne faifan da ya fi kowane sa jiki motsi. Sun yi shi ba tare da Eno ba, suka zama furodusoshin kansu, suka jingina da kiɗan fonk na baƙaƙen fatar Amurka. Byrne ya fara rera surutai marasa ma'ana a kan kiɗan, sa'an nan ya nemo kalmomin da suka dace da amon surutan, abin da sunan faifan yake nuni da shi ke nan. A ciki ne "Burning Down the House" take, waƙarsu ɗaya tilo da ta shiga goman farko a Amurka, inda ta kai lamba 9. A ciki ne kuma "This Must Be the Place" take, wadda suka yi musayar kayan kiɗa a tsakaninsu wajen naɗe ta, suka riƙe zagaye guda mai sauƙi daga farko har ƙarshe, Byrne kuma ya rera waƙar ƙauna da kewar gida ba tare da ya ɓuya bayan wayo ba. Ranar da na kai iyalina sabon gidan da muka gina bayan shekaru na haya, wannan waƙa ce na sa a mota, kuma har yau idan na ji ta ƙanshin sabon siminti nake tunawa. Duk da haka na bar faifan a na uku, saboda kusan kowace waƙa da ke cikinsa ta fi rai a wasan da suka yi a dandali bayan fitowarsa, har ta sa na situdiyon ya zama kamar zanen gini idan aka ajiye shi kusa da ginin.

Fear of Music na 1979 ne na biyu. Baƙin bango gare shi, mai ƙuraje kamar farantin ƙarfen da ake shimfiɗawa a ƙasan masana'anta, kuma abin da ke ciki ya yi daidai da bangon. An naɗi mafi yawan kiɗan ne a gidan Frantz da Weymouth da ke Long Island City, inda aka ajiye motar naɗar sauti a waje aka jawo wayoyi ta taga. Yawancin sunayen waƙoƙin kalmomi ne guda-guda, iska, takarda, birane, dabbobi, hankali, kuma a kowace mai waƙar yana kallon abin da kowa ya saba da shi yana ganin barazana a ciki. "Life During Wartime" tana magana da bakin mutumin da yake ɓoye a birnin da yaƙi ya ci, yana lissafin abincin da ya rage masa, kuma wanda ya taɓa kwana a gari ana dokar hana fita ba ya bukatar a fassara masa yanayin. Sai dai abin da ya ɗaga faifan a wurina shi ne waƙar da ta buɗe shi, "I Zimbra". Kalmominta an ɗauko su ne daga wata waƙar Hugo Ball, Bajamushen da ya rubuta baitoci na amo zalla marasa ma'ana a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rera su da murya ɗaya kamar 'yan amshi, a kan ganguna da jitoci masu saƙa da juna. Minti uku ne kawai, amma a nan ƙofar ta buɗe.

Abin da ke bayan ƙofar shi ne Remain in Light, wanda ya fito a watan Oktoban 1980, kuma shi ne na ɗaya a jerina da tazara mai nisa. Na fara jin sa ne a ɗakin kwananmu na jami'a, a wani kaset marar suna da abokin ɗakina, ɗan kudu, ya kwafo. Gefe ɗaya Fela ne, ɗaya gefen kuma wannan faifai. Da kaset ɗin ya juya, waƙar farko ta fashe da ihu da ganguna, na ɗauka wata sabuwar ƙungiya ce daga Legas, sai da muryar ta shigo na gane Bature ne. Mun yi ta mai da kaset baya da biro domin kada batir ya ƙare, muna neman gane ko jitoci nawa ne suke magana a lokaci guda, muka kasa daidaitawa a kan adadin.

Kunnena bai yaudare ni ba a ranar. Eno ne ya fara sa wa Byrne faifan Fela mai suna Afrodisiac, wanda ya fito a 1973, kuma su duka sun sha faɗa a fili cewa shi ne abin koyinsu. Byrne ya kuma ambaci littafin John Miller Chernoff na 1979 a kan kiɗan Afirka, Ba'amurken da ya yi shekaru a Ghana yana koyo, har da wurin makaɗan Dagomba na Tamale masu kaɗa lunga, gangar hammata 'yar'uwar kalangunmu. Yadda suka yi aikin a Compass Point ya saɓa wa duk al'adar rok. Ba wanda ya zo da waƙa. Sukan yi ta kiɗa tare ana naɗa, sai a saurara a tsamo ɗan guntun da ya yi armashi, kowa ya koyi nasa ɗan gajeren sashe ya yi ta maimaita shi da hannu na tsawon mintoci, tun da a lokacin na'urar da za ta maimaita maka ba ta yaɗu ba. Yawancin waƙoƙin a kan amo guda suke zaune ba sa sauka daga kansa, kuma bambancin baiti da amshi ana samar da shi ne a teburin haɗa sauti, ta hanyar buɗe wasu sassa a rufe wasu. Bayan haka ne a New York aka ƙara jitar Adrian Belew mai kuka kamar dabbar daji, da kakakin Jon Hassell, da muryar Nona Hendryx.

A saurari "The Great Curve", waƙa ta uku, inda rukunin muryoyi uku suke rera abubuwa daban-daban a lokaci guda, kowane da tsawon numfashinsa, suna haɗuwa suna rabuwa, ganga kuma tana gudu ba ta waiwaye. A saurari "Once in a Lifetime", wadda Byrne ya kwaikwayi salon masu wa'azin rediyon Amurka wajen rera ta, yana tambayar mutumin da ya farka a tsakiyar rayuwa ya ga gida da mota da mata bai san yadda aka yi ya iso nan ba. Eno ya bayyana cewa shi da makaɗan ba a wuri ɗaya suke jin farkon zagayen kiɗan ba, kuma da gangan aka bar saɓanin. Na sha gwada buga tebur da yatsa ina bin ta, kuma kowane lokaci sai in ji ƙasa ta ɗan goce a ƙarƙashina idan amshi ya shigo, kamar mai taka tsani a duhu ya tarar da matakin ba inda ya zata ba. Waƙoƙi takwas ne, cikin kusan minti arba'in, gefen farko yana ci kamar wutar daji, na biyu yana lafawa a hankali har ya ƙare cikin duhu. A 2017 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin naɗaɗɗun sautukan da ƙasar take adanawa saboda muhimmancinsu.

Ba ina cewa sun zama Fela ba ne, kuma su ma ba su yi wannan da'awa ba. Waƙar Fela guda takan cinye gefen faifai ɗungurungum, tana da rundunar masu busa, tana kuma fuskantar gwamnati ido da ido, abin da ya jawo masa ƙona gidansa na Kalakuta a watan Fabrairun 1977. Waɗannan kuwa damuwarsu ta cikin rai ce, ta mutumin birni da ya ƙoshi amma bai natsu ba. Gangar Tony Allen, makaɗin gangar Fela, tana da wani laushi da rangwaɗa da Frantz bai taɓa kai wa ba, kuma ba na jin ya nema. Abin da suka ɗauka shi ne tsarin ginin, wato cewa kowane makaɗi ya riƙe kaɗan domin jimlar ta yi yawa, suka zuba nasu kayan a ciki. Wannan aro ne na halal, kuma sun faɗi sunan wanda suka ara a wurinsa.

Amma akwai abubuwa biyu da ƙaunar faifan ba za ta hana ni faɗa ba. Na farko, faifan da aka gina a kan aikin gayya ya fito da farko da sunan Byrne da Eno a gaba a matsayin marubutan waƙoƙin, abin da ya ƙona wa Frantz da Weymouth rai ƙwarai, su da kiɗan ya taso daga hannunsu, su ne kuma suka tsara hoton bangon mai jajayen fuskoki da taimakon masana kwamfuta na jami'ar MIT. An gyara rubutun a bugun baya, amma tsagar da ta shiga tsakaninsu ba ta sake haɗewa ba, har zuwa Disambar 1991 da Frantz ya ce a jarida ya karanta cewa ƙungiyarsu ta watse. Sun koyi darasin kiɗan taro a situdiyo, suka manta da shi wajen rabon suna. Na biyu ya fi nauyi a wurina. A 1981 Byrne da Eno sun fitar da wani faifai nasu su biyu, wanda suka ari sunansa daga littafin marubucin Najeriya Amos Tutuola na 1954, kuma a cikinsa suka ɗora karatun Alƙur'ani mai girma na wasu Musulmin Aljeriya a kan kiɗa. Wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta nuna rashin amincewarta, aka cire shi daga bugun da suka biyo baya. Cirewar ita ce daidai, kuma tun farko bai kamata a yi ba. Wanda ya ɗauki amo daga wata al'umma ba tare da ya tambayi matsayinsa a wurin masu shi ba, zai iya taka abin da ba a takawa, ko da niyyarsa ta sha'awa ce.

Wani zai tambaya ina na ajiye Stop Making Sense. Ban sa shi cikin jerin ba saboda ba faifan situdiyo ba ne, wasan dandali ne da Jonathan Demme ya ɗauka a fim a gidan wasa na Pantages da ke Hollywood a watan Disambar 1983, ya fito a 1984. Amma wanda bai taɓa jin ƙungiyar ba, daga nan ya kamata ya fara. Byrne ne yake fitowa shi kaɗai da jita a dandali fayau, sai Weymouth ta shigo a waƙa ta biyu, Frantz a ta uku, Harrison a ta huɗu, ana turo kayan kiɗa a gaban idon jama'a, har su cika tara tare da Bernie Worrell, da Alex Weir, da Steve Scales, da 'yan amshi mata biyu, Lynn Mabry da Ednah Holt, waɗanda dukkansu biyar baƙaƙen fata ne. Da ido mutum yake ganin yadda waƙar mutum ɗaya take komawa kiɗan jama'a, kuma fuskar Byrne da ta fara a ɗaure takan saki a hankali yayin da dandalin yake cika. An sabunta fim ɗin aka sake nuna shi a 2023, kuma a dalilinsa ne su huɗun suka zauna wuri ɗaya gaban jama'a a birnin Toronto, karo na farko tun 2002 da aka karrama su a zauren tunawa da gwarazan kiɗan rok.

A 2018 Angélique Kidjo, 'yar Ouidah ta Jamhuriyar Benin, ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa, waƙa bayan waƙa. Ta dawo da masu busa, ta ƙara baitoci da harsunan ƙasarta, ta kuma gayyato Tony Allen da kansa ya zauna a kan ganga, shekara biyu kafin rasuwarsa a Faris a 2020. Ɗana ne ya sa mini shi a wayarsa wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida, bai san na san waƙoƙin ba, sai ya ga ina bin amshin tun kafin ya iso. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko masa tsohon kaset ɗin nan marar suna, wanda abokin ɗakina ya bar mini ranar da muka rabu, na ce ya nemi Afrodisiac ya saurara tukuna, sa'an nan gefen farko na Remain in Light, sa'an nan ya koma kan na Kidjo. Wannan shawara nake ba duk mai karatu da yake son ya auna jerin nan nawa da kunnensa, kuma zan yi farin ciki idan wani ya rubuto ya nuna mini inda na yi kuskure, musamman a kan Naked.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku na kullum,
daga Zariya